Tambayi Baba: Zuciyata ta yi sanyi, ko in sake baftisma?

Salama gare ku masu karatu, ya zafi ya hidima. Wannan watan wasiƙu sun taru min sosai, wasu ta WhatsApp wasu a takarda, har da wata murya ta minti goma sha ɗaya wadda sai da jikana ya zauna ya rubuta min ita a kaye. Dan Allah masu aiko da murya ku riƙa taƙaitawa, kunnen tsoho ne. Kamar kullum na cire sunaye, dan in ana maganar Kirista to Maradi ƙaramin gari ce, kowa ya san kowa, in na sa suna kafin Lahadi zance ya kai Tsibiri ya dawo.

TAMBAYA: Baba ina wuni, ya iyali. Ni ɗan kabu-kabu ne ina zaune unguwar Zariya, shekarata 27. Anyi min baftisma shekara shida da suka wuce a ƙauyenmu wajen Gidan Runji kuma lokacin Baba zuciyata ci take kamar wuta, in na kama waƙa a gona har hawaye nake. Amma tunda na shigo birni abin ya mutu, ina zuwa sujada amma gangar jikina ce kawai ke zaune hankalina yana kan kuɗin da zan ba mai moto da yamma, in na durƙusa addu'a ko minti biyu banayi barci ya kwashe ni, Littafi kuwa yafi wata huɗu ban buɗe ba. Ina dai kallon masu wa'azin Najeriya a TikTok suna cewa wanda wutarsa ta mutu yazo a ɗora masa hannu, wani abokina ma yace baftismar ƙauye bata kama ni ba inzo cocinsu a sake min. Gaskiya na rikice, ko dai tun farko ban tuba ba?

AMSA: Lafiya lau ɗana, ya aiki ya rana. Bari in fara da wutsiyar wasiƙarka. Wanda bai tuba ba ba ya kwana da damuwa wai addu'arsa ta yi sanyi, gawa ba ta jin ƙishirwa. Ka ajiye wannan a gefe tukuna, in ba ka wani labari na ƙasarmu.

Kai ba ka san Maradin farkon shekarun 1980 ba, ni na san ta. In ka fita gari ka nufi Dakoro ko Mayahi sai ka ga fili fetal, gonaki ba itace, an share komi ƙarƙaf sabida lokacin abinda ake ɗauka manomin kirki kenan, wanda gonarsa take tas ba ko ɗan toho. Iska ta taso ta binne shuka da rairayi, mutum ya sake shuka sau biyu sau uku a damina guda, mata kuma suna dafa tuwo da kara da kashin shanu dan itacen girki ya yi nisa. Ƙungiyoyi suka yi ta kawo dashe, a haƙa rami a dasa a yi shinge a yi ban ruwa, amma galibi kafin shekara ta zagayo rana da awaki da gara sun gama da su.

Akwai wani bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ya zo aiki da mishan ta SIM nan Maradi, shi ma dashen yake ta yi yana ta mutuwa har ya kusa karaya. A 1983 yana kan hanyar ƙauye da mota ɗauke da dashe sai ya tsaya rage iskar taya sabida rairayi, idonsa ya faɗa kan irin ƴan tsirran nan da kowa ke wucewa yana ɗauka ba su da amfani, ya matsa ya duba ganyen, ashe itace ne da aka sare tun tuni, kututturen yana nan saiwar tana nan da ranta cikin ƙasa, kowace shekara yana tohowa kowace shekara ana sassabe shi. Daga nan aka kama abinda yau muke kira sassabin zamani. Ba ka dasa komi. Cikin tohon da ya fito kan kututture, ko ashirin ne ko talatin, sai ka zaɓi ƴan kaɗan masu ƙarfi da suka miƙe, ka yanke sauran, ka rage rassan ƙasa, ka tsare su daga dabbobi, shikenan. Da farko dariya ake wa masu yi ana ce musu masu ƙazamar gona. Yunwar 1984, wadda tsofaffi ke kira El Buhari, ita ta sa da yawa suka gwada dan ana ba mai yin aikin abinci, wasu yunwa na wucewa suka sare abinsu, wasu kuma suka bari dan sun ga amfani. Yau dubi gawo da sabara da kalgo da ke gonakin jihar Maradi da Damagaram, masu bincike suna ƙiyasin fili kamar hekta miliyan 5 ne ya farfaɗo ta wannan hanya. In faɗi gaskiya kuma, kakanninmu sun san barin gawo a gona tun kafin a haifi baturen, mantuwa muka yi aka tuna mana.

Yanzu buɗe Ayuba 14:7-9. Ayuba yana cewa itace ko an sare shi yana da sa zuciya, ko saiwarsa ta tsufa cikin ƙasa, da ya ji ƙanshin ruwa sai ya toho. Cikin kuka ya faɗe ta, yana ganin itace ma ya fi ɗan adam sa'a, amma mu da muka san Almasihu ya tashi daga matattu mun san ba a bar mu baya ba.

Abokinka dashe yake so ya kawo maka, ni kuwa ina ce maka saiwarka tana nan. Baftisma ba allurar rigakafi ba ce da za a ce ba ta kama ba a sake, Afisawa 4:5 ta ce Ubangiji ɗaya, bangaskiya ɗaya, baftisma ɗaya, kuma ruwan tafkin ƙauyenku bai gaza na birni da komi ba. In ɗora hannu kake so dattawan ikilisiyarka suna nan, kyauta za su yi maka addu'a kuma sun san sunanka, ba kamar wanda ke ihu cikin salula da lambar tura kuɗi a ƙasan bidiyo ba. Ban ce dukansu maƙaryata ba ne. Amma shi bai san kai ɗan kabu-kabu ne ba, ba zai zo gaishe ka ba in ka faɗi da moto.

Hawayen da kake yi a gona ba ƙarya ba ne, damina ce, kuma damina ba ta wata goma sha biyu. Lokacin ba ka da kuɗin mai moto a wuya ba ka da haya. Ka lura da gawo kuwa? Shi da damina yake zubar da ganye, sai rani ya yi kowa ya bushe sannan yake yin kore shar. Na san bayin Allah da yawa haka suke, ba ka jin muryarsu ranar babban taro, amma ranar da wahala ta zo su ne za ka tarar a tsaye.

To ga sassaben da za ka yi. Ka daina jiran dare, mutumin da ya yini kan moto cikin rana da ƙura in ya durƙusa ƙarfe goma sha ɗaya dole barci ya kwashe shi, Bitrus ma barci ya yi a Gatsemani. Kai dai kana jin kiran sallar asuba ko kana so ko ba ka so, maƙwabtanmu Musulmi sun riga mu wannan horo kuma ni ban ga abin kunya ba in mun koya, Yesu kansa da asussuba ya tashi ya tafi inda ba kowa yana addu'a, duba Markus 1:35. Ka tashi ka wanke fuska, ka zauna kan tabarma kar ka kishingiɗa, ka karanta Zabura guda da murya, ka yi Addu'ar Ubangiji a hankali, in ka iso wajen abincin yini ka faɗa masa kuɗin mai moto da adadinsa, kar ka ji nauyi. Tunanin kuɗin nan da ke bin ka har cikin sujada, maimakon ka yi ta kokawa da shi ka maida shi roƙo. Sannan Bisharar Markus sura 16 ce kawai, sura ɗaya a yini, in karatu na yi maka wuya akwai ta a murya da Hausa, sa a tura maka cikin salula ka riƙa saurare lokacin da kake jiran fasinja bakin kasuwa. Sai mutum guda, ba taro ba, dattijo ko sa'anka mai hankali, wanda zai tambaye ka duk mako me ka karanta kuma ba za ka iya yi masa ƙarya ba. Tohon da za ka yanke kuwa ka san shi, shi ne ke cinye maka mega da barci har ɗayan dare.

Kuma dan Allah kar ka riƙa tone shuka kullum kana duba ko ta tsiro. A Markus 4:26-29 manomin yana barci yana tashi iri yana girma shi bai ma san yadda aka yi ba. Ka yi wata uku a haka sannan ka sake rubuto min.

TAMBAYA: Baba barka da hutawa. Ni matar aure ce da ɗiya biyar, ina sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a Sabon Gari. Maigidana tunda aka rufe iyakar Najeriya a 2023 harkarsa ta Jibiya ta durƙushe kuma ko da aka buɗe bata miƙe ba, nice riƙe da gidan. Ran nan wani baƙon mai wa'azi ya karanta Malakai 3 yace duk wanda baya fidda zakka ɓarawo ne la'ana na binsa shi yasa wasu ɗiyansu basa rabuwa da likita. Baba autana bashi da lafiya wata biyu kenan, tun ranar bana barci. Inaso in sani zakkar nan daga jari ake fiddawa ko daga riba, kuma ina da bashin mai gyaɗa ga zubin adashe, wanne zan fara?

AMSA: Ɗiyata, kafin komi ki kai yaron likita, in kin riga kin kai ki koma ki ce bai ji sauƙi ba, ciwon wata biyu ba na zaman gida ba ne. Maganar la'ana kuwa ki cire ta daga ranki yau ɗin nan. Almajirai sun taɓa yi wa Yesu irin wannan tambaya kan wani da aka haifa makaho, wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa, ya ce ba shi ba ne ba kuma iyayensa ba, yana nan a Yahaya 9. Galatiyawa 3:13 kuma ta ce Almasihu ya fanshe mu daga la'anar Shari'a. Allah ba mai karɓar haraji ba ne da zai kama jariri dan uwarsa ta makara.

Ni wannan wa'azi ya ɓata min rai gaskiya. Malakai ya yi magana da Isra'ila ne bayan sun dawo daga bauta a Babila, lokacin zakka ita ce abincin Lawiyawa, masu hidimar Haikali, dan ba a ba su gādon ƙasa ba kamar sauran kabilu. Kuma baƙon naku ya tsallake sura ta 1 da farkon ta 2, inda galibi firistoci ne ake wa faɗa ba talakawa ba. Masu son aya ta 10 ta sura ta 3, mai cewa a kawo zakka, ba su cika son waɗancan ba, ban san dalili ba.

Ga lissafin. A ce kin sayi gyaɗa ta jaka 20, inji da itace suka ci jaka 2, kin saida mai da ƙuli kin tada jaka 25. Ribarki jaka 3 ce, ɗaya cikin goma kuwa dala sittin. In kika fidda daga jaka 25 ɗin gaba ɗaya jaka biyu da rabi za ki ba da, ya rage miki dala ɗari ki ciyar da mutum bakwai, kin ga ba a daɗe ba za ki fara cin jari, jari ya ƙare, ba ƙuli ba zakka ba tuwo. Ko a Tsohon Alkawari daga amfanin da gona ta ba da ake fiddawa. Dan haka daga riba ne.

Bashin mai gyaɗa kuma ba kuɗinki ba ne tun farko, na mai gyaɗa ne, ba a yi wa Allah kyauta da abin wani. Ki biya shi a ranar da kuka yi, ki yi zubin adashenki dan alkawari ne da wasu mata ke jira. Ki yi tunani, in mai gyaɗan nan ya ji kin kai kuɗinsa majami'a shi kuma kina ce masa sai wani mako, wace shaida kenan? Daga abinda ya rage a hannunki ki fidda abinda zuciyarki ta yarda da shi da fara'a, 2 Korantiyawa 8:12 ta ce ana karɓa gwargwadon abinda mutum ke da shi ne ba abinda ba shi da shi ba. In mako ya yi kyau ki cika ɗaya cikin goman, al'ada ce mai kyau ni ma ina bin ta tun ina saurayi dan tana koya wa hannu buɗewa, in bai yi kyau ba ki kawo abinda ya samu ki zauna ki yi waƙarki kanki a ɗage. Kuma ki gaya wa shugabar zumuntar mata halin da kike ciki, wannan lokaci ne da ikilisiya ya kamata ta zo gidanki da kwano.

Amma ku sauran masu karatu kar wani ya ɗauki amsar nan ya yi matashi da ita. Akwai masu albashi da masu shaguna da suke saka kiredin jaka guda ba tare da tunani ba amma ran Lahadi sai a yi ta lalube cikin aljihu ana neman dala biyar. Masu bishara na ƙauyukanmu da dama da dami ake biyansu, in damina ba ta yi ba wasu sai sun tafi ci-rani sun bar garke ba makiyayi, alhali 1 Korantiyawa 9:14 ta ce masu shelar bishara su ci daga bishara. Muna yara in kaka ta yi za ka ga damman hatsi jere a harabar majami'a, kowa ya kawo na goma, ba wanda ya tsorata su da la'ana. Ku kuma dattawa abu biyu, ku riƙa karanta wa jama'a lissafin baiko a fili, abinda ya shigo da inda ya tafi, Bulus ma bai yarda ya ɗauki gudummawa shi kaɗai ba dan kar a zarge shi, sannan ku daina miƙa mumbari ga duk baƙon da ya zo da kwat da jaka mai kyau.

TAMBAYA: Baba ina kwana. Ni ɗalibar jami'a ce nan Maradi. Dangin babana duk Musulmi ne kuma kowace babbar salla kakata ta Tsibiri tana aiko min da soyayyen naman layya, tun ina ƙarama nake ci. Bana wata ƴar'uwa a ƙungiyar matasa ta ganni da shi tace naman hadaya ne Kirista baya ci, in maida ko in zubar. Ni kuma bazan iya maida wa kakata kwano ba. Na yi zunubi?

AMSA: Jikata, ki ci namanki, in ya yi saura ki aiko min. Na san akwai bayin Allah na gari da ba sa ci kuma ba na raina su, amma tunda ra'ayina kika tambaya ga shi.

A Koranti naman da aka yanka wa gumaka ne ake rigima a kai, duk da haka Bulus ya ce abinda ake saidawa a mahauta ku saya ku ci ba sai kun yi ta bincike ba, in marar bi ya gayyace ku ku ci abinda aka kawo, duba 1 Korantiyawa 10:25-27. To kakarki ma ba gunki ta yanka wa ba, tunawa take da Ibrahim da ragon da Allah ya tanada a madadin ɗansa, labarin da muke da shi a Farawa 22. Mun bambanta da su, eh, a wurinmu ragon nan yana nuna Almasihu ne, Ɗan Rago na Allah, kuma hadayarsa sau ɗaya ce ta isa ba ta buƙatar ƙari. Cin soye ba ya warware wannan. Ki kuma tambayi ƴar'uwar taki, tsiren da take ci da kilishi da naman miyar gidansu wa ya yanka, kuma da wane suna? In za a bi maganarta to Kiristan Maradi sai dai ya koma cin wake.

Inda zan ja miki kunne shi ne Romawa 14. Akwai wanda bai daɗe da karɓar Almasihu ba, ya sha wuya a gidansu, shi in ya ga naman nan abubuwa da yawa yake tunawa kuma lamirinsa ba ya ba shi. Kar ki tilasta masa kar ki yi masa ba'a, kar ma ki buɗe kwanon a gabansa. Shi ma kar ya hukunta ki.

Sannan kwano ba ya komawa wofi. In Kirsimeti ta zo ki dafa shinkafa da kaji ki kai Tsibiri da ƙafarki, ki sa maƙwabci Musulmi ya yanka kajin dan su ci hankali kwance, wannan ba ragi ba ne ga bangaskiya, ladabi ne. A Janairun 2015 da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, akwai Musulmin da suka buɗe ƙofa suka ɓoye maƙwabtansu Kirista, kuma irin wannan amana ba ranar tashin hankali ake fara gina ta ba. Ki gaishe min da kakar.

TAMBAYA: Baba ni da kakana kullum muna gardama, shi yace tsohon Littafi mai Yohanna da Matta shine na gaskiya, namu mai Yahaya da Matiyu an canza shi. Wanne ne daidai?

AMSA: Ɗana, duka biyun fassara ne. Ba da Hausa aka rubuta Littafi Mai Tsarki ba, Tsohon Alkawari da Ibrananci ne da ɗan Aramiyanci, Sabon Alkawari da Helenanci. Na hannun kakanka shi ne na 1932, cikakken Littafi na farko da Hausa, wanda Dokta Walter Miller na Zariya ya yi babban aiki a kansa tare da wasu. Naka na 1979 ne, an sake fassarawa dan Hausar ta fi sauƙin ganewa. Mutum ɗaya ne Yohanna da Yahaya, rubutun sunan ne ya bambanta. Kakanka da wancan ya koyi karatu, da shi ya haddace ayoyi, ƙila da shi aka karanta a jana'izar iyayensa, dan haka ba za ka ci shi da gardama ba kuma bai kamata ka nema ba. Ku zauna da yamma ya karanta aya a nasa ka karanta a naka, inda kalma ta yi maka tsauri ya fassara maka, za ka samu Hausar da ba a koyarwa a lakwal.

TAMBAYA: Baba wata takwas kenan ban taka majami'a ba. Ni ke riƙe da kuɗin zanen zumunta, lissafi bai cika ba shugabarmu ta tashi gaban mata tace na ci, daga baya aka gano wasu ne basu biya ba aka rubuta sun biya amma har yau ba wanda yace min yi haƙuri. Ina addu'ata a gida ina jin wa'azi a rediyo, ai Allah yana ko'ina ko ba haka ba?

AMSA: Ƙanwata, an yi miki ba daidai ba, ba zan shafa miki mai a baki ba. Sunan mutum ya fi zane tsada. Kuma tunda gaban jama'a aka ɓata ki, gaban jama'a ya kamata a wanke ki, ba a lungu ba, wannan haƙƙinki ne kina iya nemansa ba tare da kunya ba.

Allah yana ko'ina, haka ne. Sai dai rediyo ba ta miƙa miki gurasa da ƙoƙo, wata takwas kenan ba ki ci jibin Ubangiji ba, kuma ɗiyanki suna kallo, abinda suke koya shi ne in an ɓata maka rai sai ka bar zumunci. Ba ku ne farkon ba, a Filibi akwai mata biyu, Afodiya da Sintiki, ma'aikatan bishara ne sosai amma suka saɓa har labari ya kai wa Bulus a kurkuku, bai ce ɗaya ta zauna gida ba, ya roƙe su su shirya ya kuma sa wani ya shiga tsakani. Zo mu zauna ai zo mu saɓa ne.

Matiyu 18:15 ta ce ki same ta ke da ita kaɗai tukuna. Na san da nauyi, ke aka cuta kuma ke za ki taka, amma ƙila ita ma kunya ce ta ɗaure ta ta rasa ta inda za ta fara. In ba ta saurare ki ba ki ɗauki matar Fasto ko wata dattijuwa ku koma tare, ki faɗi abinda kike so a sarari, a tashi ranar zumunta a ce lissafinki daidai ne. In shiga ran Lahadi ya yi miki yawa ki fara da taron addu'a na tsakiyar mako, mutane kaɗan ne, ki zauna bencin baya.

Ke kuma shugaba, na san kina karanta mujallar nan kuma kin gane kanki ko ban faɗi unguwa ba. Matiyu 5:23-24 da ke take, a ajiye baiko a je a shirya da ɗan'uwa tukuna. Gidanta ba nisa, kuɗin kabu-kabu ne kawai.

Masu tambaya kan sadaki da kayan ɗaki, ku huɗu ne, na ga wasiƙunku, sai wata mai zuwa in Ubangiji ya kai mu dan wannan magana tana son shafi nata ita kaɗai.